Kishiyar Kalma: Yadda Mawaƙa Ke Haɗa Zuma Da Maɗaci

Uwargida, da jin an ce "kishiya" gaban wasunmu ya kan faɗi. Sai ga shi malaman Hausa sun ari wannan suna sun ba kalmomin da ma'anarsu ke gaba da juna: dare da rana, samu da rashi, gaskiya da ƙarya. Kishiyoyi ne, amma ba a sanin darajar ɗaya sai an ajiye ta kusa da 'yar uwarta. Malaman balaga na Larabci suna kiran wannan salo ɗibaƙi, kuma mawaƙanmu sun daɗe da gane amfaninsa.

A waƙoƙin wa'azi ne salon ya fi ƙarfi. Mawaƙi zai siffanta ni'imar Aljanna, inuwarta da ƙoramunta, kafin mai sauraro ya gama lumshe ido sai ya juyo da shi ga zafin wuta. Da ni'imar kaɗai ya ambata, da mutum ya saki jiki. Da azabar kaɗai ce, da ya ɗebe ƙauna. Haɗa su ne ke tsayar da zuciya tsakanin tsoro da kwaɗayin rahama, inda malamai suka ce nan ne mazaunin mumini. Haka kuma suke kwatanta duniya da tsohuwar da ta ci ado kamar amarya: kwalliya a waje, ruɓewa a ciki.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi amfani da irin waɗannan waƙoƙi wajen karantar da mata. Jajojinta kan haddace su, su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Hikimar ita ce, abin da aka jera shi biyu-biyu ya fi saurin zama a ka, ko da mace tana kan daka ne ko kaɗi.

Mawaƙan ƙarni na 20 ma ba su bar hanyar ba. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, amma a Imfiraji ya yi ta nuna wa masu ido gajartar duniya da dawwamar lahira. Shi kuwa Sa'adu Zungur, tun daga sunan waƙarsa, Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya, ya ajiye wa mutanensa hanya biyu ya ce su auna.

To, ina ruwan uwar 'ya'ya da wannan? Da ruwanta har da tsaki. Yaron da kullum gargaɗi da tsawa yake sha, zuciyarsa kan bushe. Wanda kuma bai san komai ba sai lallashi, ranar da rayuwa ta juya masa baya ba zai iya tsayawa ba. Idan kin nuna wa 'yarki ƙarshen maƙaryaci, nuna mata mutuncin mai gaskiya a zama guda. Idan za ki kai ta ɗakin miji, kada ki faɗa mata daɗin aure kaɗai, domin zuma da zaƙi take, da harbi kuma.

Ke ma, ranar da gida ya yi ƙunci, ki tuna mawaƙi ba ya rufe waƙarsa a kan baitin baƙin ciki; da addu'a da salati yake cikawa. Allah Ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau, amin.