Hiliyotirof: Furen da ake shaƙa, ba a kai shi baki

Uwargida, idan kina neman furen da zai ƙamsasa miki tsakar gida ko baranda, hiliyotirof ba zai ba ki kunya ba. Asalinsa daga ƙasar Peru yake, a Kudancin Amurka. Furanninsa ƙanana ne, suna fitowa a dunƙule, launinsu shunayya mai duhu, ƙamshinsu kuwa kamar na banilar da kike zubawa a kek. A tukunya tsayinsa bai cika wuce santimita 60 ba.

Sai dai fure ne mai laulayi. Ba ya jure tsananin sanyi, haka kuma ranar tsaka tana ƙona masa ganye. Shi ya sa ya fi jin daɗin wurare masu sanyi-sanyi irin su Jos da Mambila. Idan a Legas ko Fatakwal kike, ajiye shi inda hantsi zai same shi, inuwa ta rufe shi da azahar, iska kuma tana ratsawa.

Ki samu tukunya mai huji a gindi, ki haɗa ƙasar lambu da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi. Ki riƙa tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji samanta ya bushe sai ki ba shi ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Da damina kada ki bari ruwa ya kwanta masa, saiwarsa za ta ruɓe. Tun yana ƙarami ki tsinke kan kowane reshe don ya yi rassa da yawa, furen da ya bushe kuma ki cire shi, wani zai fito. In kina son ƙari, yanko reshe mai tsawon santimita 10, ki cire ganyen ƙasa, ki soka a ƙasa mai laima a inuwa har ya yi saiwa.

Ga inda ake son ki buɗe kunne. Ganyensa da furensa da irinsa duk suna ɗauke da wani sinadari mai lalata hanta. Illar ba lallai ta bayyana nan take ba, tana iya ɗaukar makonni kafin a ga kumburin ciki ko shawara. A shekarun 1970, dubban mutane a lardin Herat na Afganistan sun kamu da ciwon hanta bayan sun ci alkamar da ta cakuɗe da irin wani ɗan'uwan wannan tsiro. A nan gida ma akwai wani danginsa da ke fitowa a bakin kwata da fadama, mai fure a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama, wanda wasu ke dafawa su sha da sunan magani. Shi ma haɗarin ɗaya ne, musamman ga mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara.

Don haka ki ɗora tukunyar inda hannun yaro ko bakin akuya ba zai kai ba, ki wanke hannu bayan kin yi masa aski, kuma kada ƙamshin ya ruɗe ki ki jefa shi a shayi ko turaren wuta. Idan yaro ya ci, kada ki jira alama. Ki tsinko reshe ɗaya ki tafi da shi asibiti, don likita ya ga abin da aka ci.