Tuɓe Kaki Ba Shi Ne Sallama Ba

Bayan babbar sallar bara ɗan yayata ya sauka daga Amurka da akwatuna shida da niyyar aure. Shekara huɗu ya yi yana tuƙa manyan motoci a rundunar sojan ƙasa ta can. Ranar da ya zo gaishe ni muna zaune bayan isha, an kawo tuwo, sai yake zayyana mini shirinsa. Zai kama shago ya fara sayar da kayan sola, zai tare da amarya kafin azumi, Amurka kuwa sai dai ziyara. Na ce masa to aikin sojan fa? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai na gama da su. Shekara huɗu na sa hannu, shekara huɗu na yi, sun sallame ni."

Na yi aikin fassarar labarai lokacin yaƙin Iraƙi, shi ya sa maganar ba ta kwanta mini ba. Na ce gobe ya kawo mini takardar sallamar. Ya kawo ta a cikin wata leda, haɗe da rasit ɗin kayan lefe. Takarda ce da suke kira DD-214, duk sojan da ya bar aiki ana ba shi. Daga sama, kusa da inda aka rubuta ranar haihuwarsa, akwai wani ɗan akwati mai nuna ranar da wajibin zaman ko-ta-kwana zai ƙare a kansa. Na ɗora yatsa a wurin. Lambobi huɗu na farko 2027 ne. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Wallahi Kawu ban taɓa lura da nan ba."

Wannan mutum fa ya iya Turanci kamar ya tashi da shi, yana kwance injin mota ya mayar, amma takarda ɗaya tal da ta shafi wuyansa bai karanta ba. Na tambaye shi wane adireshi hukumar soja take da shi. Ya ce ɗakin da suka yi haya da wani abokinsa a Bronx, cikin birnin New York. Lambar waya? Ya canza. Imel? Wanda ya ba su ya manta kalmar sirrinsa tun tuni. Nan take na sa ya kira abokin a bidiyo. Abokin ya juya wayar ya nuna mana wani kwali a bakin ƙofa, cike da ambulan, an ɗora takalma a kai. Ya tona, ya tona, sai ga wasiƙa daga soja tana kiran yaron ya je tantancewar shekara. Ranar da aka sa masa ta wuce da wata biyu.

Allah Ya taimake shi, kiran tantancewa ne na yini guda. Da kiran komawa bakin aiki ne, da yanzu wani zancen ake yi.

Ga abin da yaranmu ba sa ji ranar da suke rawar jikin sa hannu. A dokar Amurka, duk wanda ya shiga soja a karon farko ya ɗauki wajibin shekara takwas. Da shida ne, a 1984 aka mayar takwas. Shekara uku ko huɗu da ake ta maimaitawa a ofishin ɗaukar sojoji, su ne na zaman bariki da kaki da albashi. Ragowar kuwa mutum zai yi su ne a wani aji na sojojin ko-ta-kwana da ake kira IRR. Ɗan wannan aji yana gidansa, yana sana'arsa, ba ya zuwa atisaye, ba ya karɓar albashi, ya tara gemunsa in ya ga dama. Shi ya sa yake ganin ya zama farar hula, alhali sunansa yana nan cikin kundi da lambar sana'arsa ta soja. Abin da ake nema daga gare shi kaɗan ne. Ya riƙa sanar da hukuma inda yake da lambar wayarsa, ya faɗi in lafiyarsa ta canza ko iyalinsa sun ƙaru, ya amsa kiran tantancewa in an yi. In kuma shugaban ƙasa ya buɗe ƙofar kira, ya ɗauki jaka ya tafi, ko yana so ko ba ya so. Duk wannan yana rubuce a takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu, ba a ɓoye ba. Karantawar ce ba a yi.

Sai ka ji ana cewa ai ba a taɓa kiran kowa ba. An kira. A farkon 1991, lokacin yaƙin ƙwato Kuwaiti, an kira kimanin mutum 20,000 daga wannan aji. A tsakiyar 2004, da Iraƙi ta rincaɓe, rundunar ƙasa ta sanar da kiran kimanin 5,600. Waɗanda aka fi nema a lokacin su ne direbobin manyan motoci, makanikai, masu kula da kayan aiki da injiniyoyi, wato daidai irin ayyukan da yaranmu ke zaɓa suna cewa ba na bakin daga ba ne. A Iraƙi kuwa hanya ita ce bakin daga, domin a kanta ake binne bam. An riƙa aika wa mutane takarda ana ba su kamar kwana 30 su bayyana a bariki. Wani ya buɗe shago, wata ta haihu, wani yana tsakiyar karatu da kuɗin da soja ya ba shi. A watan Agusta na 2006 Shugaba Bush ya ba rundunar sojan kundumbala ta Marin izinin kiran har mutum 2,500 a lokaci guda.

Ƙofar ba ta rufe da ƙarewar yaƙin ba. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta ɓarke, Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ba da damar kiran 'yan wannan aji. A watan Yuli na 2023 Shugaba Biden ya ba da izinin kiran sojojin ko-ta-kwana har 3,000 saboda aikin Turai bayan Rasha ta mamaye Yukren, ciki har da 450 daga masu zaman gida. Doka ta ba shugaban ƙasa ikon, in ya ayyana halin gaggawa, ya riƙe wanda aka kira har wata 24. Gaskiya ne yawancin masu wannan wajibi suna cika shekarunsu ba a neme su ba. Amma wanda ya gina aure da jari a kan "yawanci" ya san a kan me ya gina.

Akwai ɗan'uwan wannan kira, wato hana soja fita ko da ranarsa ta cika. An yi amfani da shi sosai a Iraƙi da Afganistan, har John Kerry, da yake takarar shugaban ƙasa a 2004, ya kira shi tilasta aikin soja ta ƙofar baya, tunda Amurka ta daina ɗaukar soja dole tun 1973. Wani sojan jihar Oregon ya kai ƙara kotu yana cewa shekarunsa takwas sun cika, a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwamnati ce da gaskiya. Daga baya an biya waɗanda aka riƙe dala 500 a kan kowane wata. Na kawo wannan ne don mai tunanin lauya zai fid da shi cikin sauƙi ya sake lissafi.

Iyaye, ku ma kuna da kaso a laifin nan. Yaro ya samu katin zama, ya bugo waya ya ce zai shiga soja, sai a hau murna. Za a biya masa jami'a, zai samu takardar ɗan ƙasa da wuri, ga kuɗin sa hannu. Duk gaskiya ne. Tun 2002 aka sauƙaƙa wa baƙin da ke aikin soja hanyar zama 'yan ƙasa. Amma ban taɓa jin uban da ya ce "karanta mini takardar daga farko har ƙarshe" ba. Mu da in za mu sayi fili sai mun kira dillali da mai unguwa da shaidu, mun auna da igiya, amma shekara takwas na rayuwar ɗa sai a sallama su da "Allah Ya sa albarka". Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na hana kowa shiga, sana'a ce kamar kowace, wasu sun ci moriyarta ƙwarai. Abin da ke ba ni haushi shi ne a karɓi ladan ba a tambayi girman kan da za a aske ba. 'Yan Ghana da Najeriya da ke shiga sojan Birtaniya su ma su duba tasu takardar, can ma wanda ya bar aiki yakan fita da wajibin ko-ta-kwana a wuyansa.

Yanzu maganar adireshi, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mutanenmu na ƙetare suna da wata ɗabi'a ta tara ambulan. Duk takardar da ta zo da tambarin gwamnati sai a jefa ta kwali a ce sai an samu lokaci. Wani kuma dabara yake gani, wai in ba su same shi ba shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. Wajibin sanar da sabon adireshi a kanka yake, kuma takardar da aka aika inda ka ce kana zaune ba za a karɓi "ban gani ba" a kanta da sauƙi ba. Abin takaicin shi ne wanda ya buɗe wasiƙarsa a kan lokaci yana da hanyoyi. Yana iya neman a ɗaga masa ranar, ko a yafe masa gaba ɗaya, saboda rashin lafiya, ko don shi kaɗai ne mai kula da yara ko tsofaffin iyaye. A 2004 da yawa sun nema, da yawa kuma sun samu. Amma a rubuce ake nema, da shaidar likita ko takardun iyali, kuma kafin ranar bayyana ta wuce. Wanda ya tafi ma doka ta tsare masa wasu abubuwa. Wata doka ta 1994 ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da shi aikinsa in ya dawo, wata kuma ta rage ruwan bashin da ya ci kafin kiran zuwa kashi 6 cikin ɗari. Wanda wasiƙarsa ke ƙarƙashin takalma a Bronx shi kuma yana Kano yana zaɓen atamfa, duk wannan ya wuce shi.

Ƙin amsa kira laifi ne a dokar soja. Ko ba a kai mutum kotun soja ba, ana iya sallamarsa da baƙar takarda, irin wadda ke bin mutum duk inda ya je neman aiki. Ga baƙo abin ya fi muni, domin doka ta ce wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar soja, in aka sallame shi da irin wannan takarda kafin ya cika shekara biyar yana aiki da mutunci, ana iya ƙwace masa takardar ɗan ƙasar. Abin da aka shiga sojan dominsa ke nan.

Saboda haka duk mai ɗa ko ƙane ko miji da ya yi soja a Amurka, ya sa a ɗauko takardar nan yau a duba ɗan akwatin. In ranar ba ta zo ba, a sanar da hukuma adireshi na gaskiya, ko da Zinder ne ko Kumasi, da lambar waya mai aiki da imel da ake buɗewa. A samu amintacce a can wanda zai riƙa buɗe ambulan ya ɗauki hoto ya turo. Takardun asibiti na lokacin aiki a adana su wuri guda, kada a haɗa da rasit ɗin lefe. Iyayen amarya kuma a faɗa musu gaskiya tun kafin a sa rana. Hafsoshi su ƙara kula, domin a 2004 an kira wasu da suka cika takwas ɗinsu tuni, saboda ba su rubuta takardar ajiye muƙami ba, sunansu ya ci gaba da zama a kundi.

Ɗan yayata ya kai ƙarfe ɗayan dare a falona yana fama da kwamfuta kafin ya dawo da imel ɗinsa, ya rubuta uzurinsa, ya sa sabon adireshi. Da safe uwarsa ta zo ta tsare ni a ƙofar gida, ta ce na tayar wa yaro hankali ana saura mako uku biki. Na ce, "Yaya, ni ban rubuta 2027 ɗin ba." Ta yi shiru, sannan ta ce in zo da kaina in yi wa surukan bayani, ita ba za ta iya ba.