Bututun LIGO ko Agogon Taurari?

Tun 1916 lissafin Albert Einstein ya nuna cewa idan abubuwa masu tsananin nauyi suka yi ta kewaya juna, sararin samaniya kansa yana girgiza, girgizar kuma ta bazu ko'ina. Hanya biyu masana suka fi bi wajen kama ta. Masuncin Lolo, can bakin kogin Kwara kan iyakar Bagudo da Benin, zai gane bambancinsu: akwai igiyar da jirgin inji ke tayarwa ta kaɗa kwale-kwale nan take, akwai cikowar kogi, wadda sai an kafa alama a gaɓa an yi haƙuri.

Ta farko ita ce LIGO a Amurka. Na'urori biyu ne, a Hanford da Livingston, kowacce da bututu biyu masu tsawon kilomita 4, hasken leza na kai da komo a ciki. Ranar 14 ga Satumba 2015 suka kama karon baƙaƙen ramuka biyu da ya auku shekara biliyan 1.3 da suka wuce. Motsin da aka auna bai kai ko kusa da faɗin furoton guda ba, abin da hankali ke wuyar ɗauka. A 2017 aikin ya ci kyautar Nobel, a watan Agustan shekarar kuma, tare da na'urar Virgo ta Italiya, aka kama karon taurarin niyutiron biyu, maduban hangen nesa suka ga haskensa. Gani ya kori ji.

Ta biyu ba ta gina bututu. Akwai matattun taurari, fulsa, masu aiko siginar rediyo daidai wa daida kamar agogo; idan doguwar igiyar wannan girgiza ta ratsa, saƙon ya ɗan makara ko ya yi gaggawa. A Yunin 2023 ƙungiyar NANOGrav, bayan shekara 15 tana saurare, ta sanar da alamu masu ƙarfi na irin wannan igiya. Alamu dai, hujjar ba ta kammala ba.

Wajen tabbaci LIGO ce gaba, babu ja. Sai dai ni hankalina ya fi karkata ga ta biyu, domin a nan Afirka ke da hannu: MeerKAT, na'urar sauraren rediyo mai faranti 64 a Afirka ta Kudu, tana cikin masu wannan awo, aikin kuma galibinsa lissafi ne a kwamfuta. Ɗalibin Bagudo da ke karanta kimiyyar fiziks a jami'ar Aliero, ya dage da lissafi, wannan ƙofar ce ta fi kusa da shi.