Benci A Bayan A-kori-kura

Ran kasuwar Sheme, duk wanda ya tsaya bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau zai ga tsofaffin a-kori-kura da benci biyu a baya, mutane suna fuskantar juna, buhunan masara a tsakanin ƙafafunsu. Wani ɗan ƙungiyarmu ya tambaye ni ko doka ta yarda da wannan.

To, 'yan'uwa, benci ba ya mai da motar kaya ta zama ta fasinja. Takarda ke yi. In an yi mata rajistar ɗaukar kaya, ko kafinta ya buga mata benci goma, ta kaya ce a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988. Tun 2003 suka matsa kan ɗaura bel, benci kuwa ba shi da bel. Direba ya taka burki, na gaba ya bugi ƙarfe, saura su danne shi. In an ji rauni, inshora na iya ƙin biya.

Na sani, wani ƙauyen ba wata mota sai ita. Amma in ƙungiya za ta yi shata don taron zumunta, sakatare ya ga takardu tukuna. A ware kaya dabam, kada yara su zauna daga baki.