Me Ke Sa Ƙafar Tsohuwar Land Rover Ƙugi?

An fara ƙera motar Land Rover a Ingila a 1948, kuma samfurin Series III, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, yana da birki irin na ganga a ƙafafunsa huɗu. Sau da yawa idan aka sabunta irin wannan mota, sai a ji ƙafa ɗaya tana wata siririyar ƙara mai tsinka kunne. Bakanike mai hankali ba ya gaggawar kwance komai. Saurare yake fara yi.

Duk ƙara girgiza ce. Mai goge yakan shafa ƙaro a izgarsa domin ta riƙa kama tsirkiya tana saki, tana kamawa tana saki, har sauti ya fito. Haka takalmin birki ke yi wa cikin ganga: ya maƙale, ya zame, sau 1,000 ko fiye a daƙiƙa guda, ita kuwa gangar ƙarfe ta ɗauki girgizar ta ƙara mata amo.

Saboda haka tambayar farko ita ce, yaushe ƙarar ke fitowa? Idan sai an taka birki, laifin yana tsakanin takalmi da ganga. A motar da aka sabunta, galibi sabon takalmi ne bai gama zama daidai da tsohuwar ganga ba, sai gefensa kaɗai ke taɓawa. Goge kaifin gefen kaɗan yakan wadatar. Wani lokaci kuma robar da ke tare mai ce ta lalace, mai ya jiƙa takalmin, wanda ba shi da magani sai canji. Idan kuwa ƙarar na nan ana cikin tafiya, amma ta ɗauke da zarar an ɗan taɓa birki, to an ɗaure takalmin fiye da kima, ko an maƙala sifirin ba daidai ba, ko tsakuwa ta shiga.

Abin tsoro shi ne boris. Ƙararsa takan ƙaru da gudu, ta kuma sauya a kan kwana, domin nauyin mota yana komawa gefe ɗaya. Borisin da giris ya ƙare masa yana zafi, har ya kan ƙage ya datse taya mota na gudu. A nan sai a ɗaga ƙafar da jak, a sa matokari mai ƙarfi, a riƙe taya sama da ƙasa a jijjiga. In ta yi wasa, wani ya taka birki a sake gwadawa. Wasan ya ɓace? Boris ne. Idan bai ɓace ba a ƙafar gaba, to fil ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa ne ya ci.

Wanda ya buɗe ganga kada ya hure ƙurar ciki da baki ko da iska, don tsofaffin takalman birki na ɗauke da asbestos mai lahanta huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta.