Me Ya Sa Karnukan Yanzu Ba Sa Jin Magana?

Sai ƙarfe goma na dare maigadi ke buɗe kejin. Karen, ƙaton Boerboel da aka sayo da tsada, ya wuni a cikin ƙarfen da bai fi tabarma faɗi ba, rana na gasa shi, babu mai kula shi sai wanda ke turo masa kwanon abinci ta ƙarƙashin ƙofa. Yana fitowa sai ya shiga zagaye gida kamar zai tashi sama. Ranar da aka manta ƙofar waje a buɗe, ɗan maƙwabta ne zai ji a jikinsa. Sannan mai gida ya girgiza kai ya ce karnukan yanzu ba sa jin magana.

Irin wannan gida ba baƙo ba ne a Abuja ko Kaduna, kuma kukan ya kai har ƙasashen Turawa. A Ingila da Wales, bayan karnukan XL Bully sun hallaka mutane, gwamnati ta wajabta sanya musu takunkumi da igiya a bainar jama'a daga 31 ga Disamba 2023, ta kuma haramta mallakarsu ba tare da takardar izini ba daga 1 ga Fabrairu 2024.

Matsalar tana farawa tun kare yana kwikwiyo. Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin karnuka a Bar Harbor da ke jihar Maine ta Amurka, kuma littafin da suka fitar a 1965 ya nuna cewa daga mako 3 zuwa kusan mako 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai saba da shi. Wanda ya ga yara da baƙi da awaki, ya ji ƙarar babur a waɗannan makonni, zai ɗauke su ba komai ba. Wanda bai gan su ba zai girma yana tsoronsu, kuma kare mai tsoro ya fi saurin cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Birtaniya ta ga haka lokacin kullen korona na 2020: jama'a sun yi rububin sayen 'yan kwikwiyo don ɗebe kewa, babu baƙo mai shigowa, wuraren horo a rufe. Da aka koma aiki, sai karnukan suka kama haushi babu ƙaƙƙautawa da yage kujeru idan an bar su su kaɗai.

Sai kuma rashin aiki. Karen maharbi a karkara tun asuba yake bin ubangidansa, ya san fitonsa, ya san lokacin da zai kwanta a ciyawa da lokacin da zai bi zomo. Kullum a makaranta yake. Ko aya ta 4 ta Suratul Ma'ida da ta halatta abin da dabbar farauta ta kamo, horarriya ta ambata. Su ma karnukan da ake shigowa da su yau don aiki aka samar da su: German Shepherd don kiwon tumaki a Jamus, Rottweiler don kora shanu, Boerboel don gadin gonaki a Afirka ta Kudu. Idan aka kulle irin wannan ƙarfi awa goma sha shida, dole ya nemi mafita.

Wasu masu gida kuma gyaran gangar Auzinawa suke yi. A zane kare da bulala, a hana shi ganin mutane, har a zuba masa barkono a abinci wai don ya yi zafi. Likitocin dabbobi sun daɗe suna gargaɗin cewa duka tsoro yake ƙarawa. Abin da ke aiki shi ne lada: ya zauna da aka ce ya zauna, a ba shi ɗan nama nan take, a maimaita na 'yan mintuna kullum, kowa a gidan da kalma iri ɗaya.

Duk mai shirin ajiye kare ya fara duba ko yana da fili da lokacin fita da shi a igiya kowace rana. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, kuma a yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda ake haɗawa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi.