Mohammad Abbas: daga shagon walda zuwa tawagar kurket ta Pakistan

A watan Afrilun 2017 ne Mohammad Abbas ya fara buga wa Pakistan babban wasan kurket na kwana biyar, wanda ake kira Test, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika. Da jifansa na biyu ya fitar da Kraigg Brathwaite na tawagar West Indies.

A lokacin yana da shekara 27, kuma ya riga ya shafe shekara takwas yana wasa a gasannin cikin gida ba tare da an gayyace shi tawagar ƙasa ba.

Tarihin waɗannan shekaru na nuna yadda ƙungiyoyin bankuna da kamfanoni suka riƙe 'ya'yan talakawa a wasan kurket a Pakistan, da kuma dalilin da ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce lokacin da aka rushe su a 2019.

Aikin mai jefa ƙwallo

A wasan kurket kowane ɓangare na da 'yan wasa 11. Ɓangare ɗaya na jefa ƙwallo, ɗayan kuma na dukanta da sanda mai faɗi domin tara maki.

Mai jifa kan sheƙo da gudu ya wurga ƙwallon daga tazarar kimanin mita 20, yana neman ya kayar da sanduna uku da ke kafe a bayan mai duka, ko kuma ya sa shi ya yi dukan da za a cafe kafin ƙwallon ta taɓa ƙasa. Idan hakan ta faru, an fitar da ɗan wasan ke nan. Da yawan mutanen da ya fitar ake auna gwanintar mai jifa.

Pakistan ta yi suna wajen masu jifa da tsananin ƙarfi, irin su Wasim Akram da Waqar Younis da Shoaib Akhtar, wanda jifansa ya kai gudun kilomita 161.3 a sa'a a gasar cin kofin duniya ta 2003.

Jifan Abbas bai cika wuce kilomita 130 a sa'a ba. Abin da ya dogara da shi shi ne saiti. Ƙwallon kurket na da ɗinki mai tudu da ya zagaye ta, kuma idan ta dira a kan ɗinkin takan karkace hagu ko dama ba zato. Abbas kan dire ƙwallon a wuri guda sau da dama, har sai mai duka ya yi kuskure.

Irin wannan gwaninta ba ta cika ɗaukar hankalin masu zaɓen 'yan wasa a rana ɗaya ba. Sai an daɗe ana wasa alƙaluma ke bayyana ta.

Tasowa a Sialkot

An haifi Abbas a watan Maris na 1990 a wani ƙauye kusa da Sambrial, a gundumar Sialkot ta lardin Punjab. Sialkot ta shahara da masana'antun fata da na kayan wasanni, kuma a can aka haɗa ƙwallayen da aka yi amfani da su a gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a 2014.

Kafin kurket ya zame masa sana'a, ya yi aikin walda, ya yi aiki a masana'antar fata, sannan ya yi masinja a ofishin lauyoyi.

Ya taɓa shaida wa manema labarai cewa da ƙuri'ar jefa kwabo ya samu shiga tawagar matasan gundumarsu, bayan da aka kasa zaɓa tsakaninsa da ɗan wani jami'in ƙungiyar.

A 2009 ya fara wasa a babban mataki na cikin gida, inda ya wakilci yankin Sialkot.

Ƙungiyoyin ma'aikatu

Babbar gasar cikin gida a Pakistan ita ce ta kofin Quaid-e-Azam, wadda aka fara a kakar 1953 zuwa 1954, aka kuma raɗa mata laƙabin Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa ƙasar. Ana shafe kwana huɗu a yawancin wasanninta.

Ƙungiyoyi iri biyu ne suka daɗe suna fafatawa a ƙasar: na yankuna da na ma'aikatu. Kamfanin jiragen sama na PIA da bankin Habib da hukumar ruwa da lantarki ta WAPDA duk sun mallaki ƙungiyoyi. Tsarin ya bunƙasa a shekarun 1970, zamanin da Abdul Hafeez Kardar ke shugabantar hukumar kurket ta ƙasar.

Ma'aikatun kan ɗauki ɗan wasa su biya shi albashi duk wata, wasu ma su ba shi aikin dindindin bayan ya daina wasa. Ga saurayin da iyalinsa suka dogara da shi, wannan albashi ne ke ba shi damar barin masana'anta ya mayar da hankali ga atisaye.

Masu bin ƙwallon ƙafa a Najeriya sun san irin wannan tsari. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta taɓa mallakar ƙungiya, kamfanin siminti na Gboko kuma shi ne mai BCC Lions, wadda ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1990. Da kamfanonin suka durƙushe, nauyin ƙungiyoyi ya koma kusan kacokan kan gwamnatocin jihohi, kamar yadda Jigawa Golden Stars ke hannun gwamnatin Jigawa.

Tauraron Abbas ya haska ne a ƙungiyar KRL, mallakar cibiyar binciken nukiliya ta Khan. A kakar 2015 zuwa 2016 ya fitar da 'yan wasa 61 a gasar Quaid-e-Azam, fiye da kowa. A kakar da ta biyo baya ya fitar da 71, ya sake zama na ɗaya.

Bayan haka ne aka kira shi tawagar ƙasa. A watan Mayun 2018 ya fitar da 'yan wasan Ingila takwas a filin Lord's da ke Landan, a wasan da Pakistan ta yi nasara. A watan Oktoban shekarar ya fitar da 'yan Ostireliya goma a wasa guda a Abu Dhabi, abin da ya kai shi matsayi na uku a jerin masu jifa na duniya.

Sauyin 2019

Imran Khan, wanda ya jagoranci Pakistan ta ci kofin duniya a 1992, ya daɗe yana sukar tsarin ma'aikatu. A ganinsa jama'a ba sa zuwa kallon wasan banki da kamfanin gas, kuma yawan ƙungiyoyi na rage ingancin gasa.

Bayan ya zama firayim minista a 2018, hukumar kurket ta sauya tsarin a 2019. An cire ma'aikatu daga babbar gasa, aka rage ƙungiyoyi daga 16 zuwa shida na yankuna, kwatankwacin tsarin Ostireliya. Abbas ya samu gurbi a ƙungiyar Kudancin Punjab.

Ɗaruruwan 'yan wasa ba su samu irin wannan gurbi ba, kuma da yawa sun rasa albashinsu. Masu suka sun ce ƙungiyoyi shida sun yi kaɗan ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, alhali yawan al'ummar Ostireliya a lokacin kimanin miliyan 25 ne.

Hujjarsu ita ce ɗan wasa kamar Abbas, wanda sai da ya kusa shekara 26 kafin ya yi fice, da wuya ya iya jira tsawon wannan lokaci ba tare da abin da zai ciyar da gida ba.

Bayan faɗuwar gwamnatin Imran Khan a 2022 an janye matakin, kuma ƙungiyoyin ma'aikatu sun koma fagen wasa a kakar 2023 zuwa 2024.

Komawa tawagar ƙasa

Shi kansa Abbas an ajiye shi daga tawagar Pakistan bayan watan Agustan 2021, sai ya ci gaba da wasa a gida da kuma gasar gundumomi ta Ingila. Ya buga wa Leicestershire a 2018 da 2019, sannan Hampshire daga 2021 zuwa 2024, inda a watan Afrilun 2021 ya fitar da 'yan wasan Middlesex uku a jifa uku a jere.

An sake gayyatarsa tawagar ƙasa a watan Disamban 2024, bayan fiye da shekara uku, yana da shekara 34. A wasan da suka yi da Afirka ta Kudu a Centurion ya fitar da mutum shida a zagaye na biyu, duk da cewa Pakistan ta sha kaye da ƙyar.

A 2025 ya koma Nottinghamshire, kuma a shekarar ce ƙungiyar ta lashe gasar gundumomi ta Ingila karon farko tun 2010.